Fuskar Baban Atine

Ƙanena Yasir ya fito daga Khartum da rigar jikinsa da wani ɗan akwatin ƙarfe mai faɗin tafin hannu, wanda ya naɗe a tsohon mayafin mahaifiyarmu ya cusa cikin tukunyar garin dawa. Hardi ake ce masa. A cikinsa aka tara hotuna da bidiyon duk bukukuwan da istudiyon da yake wa aiki ya ɗauka a unguwarmu, shekara da shekaru. Bikina yana ciki. Baban Atine yana ciki.

Ba ni da hotonsa ko ɗaya, gara in faɗa tun yanzu don ku san abin da ke tafasa ni. Wayata masu bindiga suka karɓe a hanyar Madani. 'Yan uwan da suka tsira da nasu wayoyin sun goge komai kafin su isa shinge, don hoton da ba ka san laifinsa ba yana iya sa a sauke ka daga mota. Shi kuma mijina Mustafa, Allah ya jiƙansa, mutum ne da in ka ɗaga waya zai juya maka ƙeya ya ce yana da aiki. Makanike ne, kullum yana ƙarƙashin mota. Ya fita neman ruwa wata safiya, wani abu ya faɗo kusa da famfon, maƙwabta suka binne shi da katin shaidarsa a aljihu. 'Yarmu Atine tana goye a lokacin. Yanzu ta yi wayo, tana tambaya. Ni kuma fuskarsa ta fara zame min. Ina tuna hannuwansa, ina tuna tarinsa na asuba, amma in na ce bari in haɗa ido da hanci da baki sai su ƙi zama wuri guda. Wannan abu yana ba ni tsoro fiye da yunwa.

Da Madani ta hargitse muka sake gudu, muka sauka a Gadarif, gidan kawunmu. Ya ba mu bukkar ciyawa guda a ƙuryar gida. Na kama sayar da shayi da jabana, wato gahawa, a bakin kasuwar amfanin gona, inda 'yan ƙwadagon riɗi ke jiran manyan motoci. Yasir ya samu gefen benci a shagon wani abokinsa Faisal mai gyaran waya. Da ya samo wata tsohuwar labtob, wadda batirinta ya mutu murus sai da kahraba, wato wutar lantarki, take aiki, na ce alhamdulillahi, yau zan ga mijina.

Ya jona hardin, ya ce, "Yaya Mardiyya, kasa kunne."

Na kasa kunne. Abin yana juyawa a ciki, can sai ya yi ƙyas, ya ɗan yi shiru, ya sake yin ƙyas. Yasir ya kashe shi da sauri kamar ya taɓa wuta.

"Jijjigar babbar mota ce ta ji masa ciwo," ya ce. "Wataƙila karatu ɗaya ya rage masa. In na fara kwashe abin da ke ciki kahraba ta ɗauke a tsakiya, ba lallai ya sake tashi ba."

"To ka kwashe da sauri mana."

"Saurin ba a hannuna yake ba. Yana wurin ma'ajin da zan zuba a ciki. Dole in san wanne ya fi saurin karɓa, wanne kuma ba ya rikicewa in wuta ta yanke. Sai na gwada."

Maganarsa da hankali a ciki, ban musa ba. Kahraba a unguwar kawu tana zuwa ne yadda ta ga dama, ta ɗan zauna ta tashi ba sallama. Na ce ya gwada. Ban san na buɗe wa kaina ƙofar baƙin ciki ba.

Ya tattaro kayan gwaji. Akwai filash, ɗan ƙarami kamar yatsa. Akwai wani falle mara nauyi da Faisal ya ara masa, wai SSD, ba abin da ke juyawa a cikinsa, ba ya ko ƙara. Akwai kuma tsofaffin hardi biyu da ya haɗa su tagwaye, duk abin da aka rubuta wa ɗaya sai a rubuta wa ɗayan. Na ce to uku ne, yau ka gama. Ya yi min dariyar tausayi. Wai kowane ma'aji sai an shimfiɗa masa tsari kafin ya karɓi kaya, kamar yadda ake jera buhuna a sito, wani jerin ya fi sauƙin shigarwa, wani ya fi sauƙin fitarwa. Tsarin ma iri-iri ne, ya jero min sunayensu, ext4 da NTFS da exFAT, sunaye kamar na maganin ƙwarin gona. Kowane ma'aji sai an gwada shi da kowane tsari.

Ga yadda gwajin yake, don na gan shi har na haddace. Zai danna umarni guda. Na'urar ta share ma'ajin tas, ta shimfiɗa masa sabon tsari, sannan ta yi ta ɗura masa shara, wato fayilolin banza da ba komai a cikinsu, wasu manya kamar bidiyo, wasu ƙanana barkatai kamar hotuna. Shi kuma ya zuba wa lambobi ido yana gyaɗa kai. In ya gama ya share ya sake da wani tsarin.

Ni da nake dawowa daga kasuwa ƙafafuna sun yi nauyi da baƙin taɓon Gadarif, mai kama takalmi ya ƙi saki, sai in tarar da shi yana murna.

"Yaya, filash maƙaryaci ne! Ya fara da gudu, da ya ɗan cika sai ya koma rarrafe."

Washegari kuma, "Yaya, SSD ba ya son zafi. Da azahar gudunsa raguwa yake." Ya ɗora shi a kan jiƙaƙƙen tsumma kusa da randa, ya sake gwajin daga farko. Wata rana ya gano wai in ka maimaita gwaji nan take na'urar tana tuna na baya ta ba ka lambar ƙarya, don haka duk abin da ya auna a makon ya tashi a banza. Tagwayen hardin sun iya manyan fayiloli, amma ƙananan suna wahalar da su. Har da gangan yake fizge waya daga bango ana tsakiyar rubutu, don ya ga wane tsari ne zai farfaɗo da kayansa cif. Kahrabar da muke roƙon Allah ta zo, shi yake kashe ta da hannunsa. Ka ji min yaro!

Damina ta kankama ana wannan abu. Rannan Atine ta nuna wani direban tarakta a kasuwa ta ce, "Umma, haka Abbana yake?" Na dubi mutumin, na kasa tuna ko sun yi kama. Na dawo gida a fusace.

"Kai Yasir, ni digiri na ce ka ba ni? Hoto ɗaya nake so. Ɗaya! Ka mai da bukkar nan jami'a, ni kuma kullum gobe, kullum gobe. Wallahi na gaji da kai da lambobinka."

Bai ɗago ba. "Saura gwaji kaɗan."

"Haka ka ce tun kafin a yi shuka."

Ya daɗe yana murza wayar caja a hannu, sannan ya ce a hankali, "In ya mutu a hannuna fa, Yaya? Yanzu dai yana nan. Muddin ban taɓa shi ba, suna nan dukansu."

Sai na gane tsoro ne ke cinsa. Ya san mutanen da ke cikin ƙarfen nan ɗaya bayan ɗaya, shi ya ce musu su matso, su gyara mayafi, su dubi nan. Da yawansu ba wanda ya san inda suke yanzu. Na ji tausayinsa, amma haushin bai tafi ba, sai suka zauna min tare a ƙirji. Na sa masa ranar Juma'a, na ce in ta wuce ni da kaina zan kai hardin kasuwa in ba duk wanda na samu. Ya yarda. Ya ce SSD da tsarin ext4 ne ke kan gaba, gwaji ɗaya ya rage ya tabbatar.

Ana gobe Juma'a surukata ta iso daga garin Fau.

Hajja Ummuhani ba mai yawo ba ce. Ta sauko daga raksha, keken haya mai ƙafa uku, da ƙullin kuɓewa busasshiya da sandarta, idanunta duk sun yi yana, tana lalube. Mustafa ɗanta na fari ne, kuma ita irin mutanen da ne masu kunyar ɗan fari. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa yabonsa a gaban mutane ba, balle ta ajiye hotonsa a ɗaki. Ranar bikinmu ma tana can ƙuryar gida. Da aka kai mata labarin rasuwarsa an ce salati kawai ta yi ta tashi ta ɗora tukunya.

Na shimfiɗa mata a angareb, gadon nan na igiya, ƙarƙashin rumfa, na kawo ruwa, muka gaisa gaisuwa mai tsawo. Ta tambayi kawu, ta tambayi damina, ta ɗora Atine a cinya tana shafa mata fuska da yatsu, tana bin goshi da hanci a hankali. Sai can, tana kallon wani gefe, ta ce, "An ce min yaron gidan nan ya fito da wani ƙarfe daga Khartum. An ce akwai mutane a ciki."

Yasir yana durƙushe a bakin rumfar. "Haka ne, Hajja."

"To. Likita ya ce idon nan ba zai kai rani ba. Na ce bari in zo in ga mutanen."

Na dubi Yasir, ya dube ni. Wa zai ce wa wannan tsohuwa ta jira gobe? Ta haɗiye kunyar rayuwarta duka ta hau mota daga Fau, ka buɗe baki ka ce mata saura gwaji? Ba a yi wannan ɗan ba a gidanmu. Kahraba kuwa tana nan a lokacin, kamar da gangan.

Ya riƙo hannunta zuwa cikin bukka, ya zaunar da ita a kan kujera. SSD yana jone tun safe, yana jiran gwajinsa na ƙarshe. Ya warware mayafin, ya jona tsohon hardin a gefe. Abin ya yi ƙyas, ya yi ƙyas, sannan ya tashi. Na ga jerin shekaru sun fito a allo. Ya shiga shekarar bikinmu, yana neman watan. Sai kahraba ta ɗauke, fankar da ke bukkar ta tsaya, allon ya yi baƙi.

"Ba komai," in ji Hajja. "Abin Allah ne. In ta dawo ma gani."

Ta yunƙura za ta tashi, sandar ta zame. Yasir ya yi wuf ya tare ta, da ɗayan hannun ya ja mayafin ya rufe hardin saboda ƙura, ya fita da ita rumfa. Ta yi azahar ta kwanta, gajiyar hanya ta ɗauke ta.

Wajen la'asar fanka ta motsa. Ina zaune a bakin bukka ina soya 'ya'yan gahawa, Yasir ya shigo da sauri ya kunna labtob.

"Hajja ta tashi?"

"Barci take. Kada ka kuskura ka tashe ta."

"To bari in ƙarasa gwajin nan kafin ta farka. Daga shi sai kwashewa, yau ɗin nan, ba sai gobe ba. Ta gani a wuri mai lafiya, ta kalla iya son ranta."

Har na ji daɗi. Yatsunsa suka danna umarnin da suka saba dannawa, ko kallon allon bai yi sosai ba.

Abin da ya faru sai daga baya ya iya bayyana min. Na'urar ba ta san ma'aji da kamanninsa ba. In ta tashi, wanda ta fara gani shi take ba sunan farko, na biye ta ba shi na biyu. Duk tsawon gwajin nan ma'aji ɗaya ke jone, sunan kullum nasa ne. A ranar kuwa biyu ne. Tsohon hardin yana nan ƙarƙashin mayafi da wayarsa a jone, kahraba ta dawo ta tashe shi, na'urar ta fara ganinsa ta ba shi sunan da SSD ya saba ɗauka.

Ina ta juya gahawa. Can na ji ya yi tsaki.

"Me ya samu wannan abu yau? Yana tafiya kamar jakin ruwa."

Ya jira, ya sake tsaki. Ya ce ko zafi ne, ya miƙa hannu ya taɓa SSD. Na ga ya bar hannun a kai bai ɗauke ba.

"Da sanyi," ya ce.

A lokacin na sauke kaskon daga wuta, ƙarar suya ta tsaya. Sai muka ji shi mu biyu, daga ƙarƙashin mayafin mahaifiyarmu. Ƙyas. Ƙyas.

Ya fizge wayar da ƙarfi har labtob ta kusa faɗuwa. Ya tsaya da wayar a hannu, bakinsa a buɗe, fuskarsa ta yi fari fat. Ban buƙaci bayani ba. Na san abin da gwajin nan yake fara yi, na gan shi ya fi a ƙirga. Sharewa yake fara yi.

Na so in kurma ihu har a ji ni a kasuwa. Amma tsakanina da Hajja zanan ciyawa ne kawai, ina jin numfashinta. Sai na shaƙo wuyan rigarsa na zage shi da raɗa, zagin da ban taɓa yi wa ɗan Adam ba. Na ce masa ya kashe min miji karo na biyu. Na ce da ma shi aka bari a Khartum. Bai kare kansa ba, hawaye kawai ke zuba a kan hannuna. Na sake shi na koma na zauna gaban kasko, gahawar ta riga ta ƙone.

Da Hajja ta farka muka ce mata kahrabar ba ta da ƙarfi, sai an ɗan jira. Ta ce ba komai. Ta zauna mana kwanaki, tana tsince min kuɓewa da lalube, ba ta sake tayar da maganar ba. Shirunta ya fi min zafi a kan ta yi ta tambaya.

Yasir ya daina cin abinci. Ya ce jerin sunayen ya tafi gaba ɗaya, shara ta hau kan wani sashe, amma inda ba ta kai ba wataƙila a tsinci wani abu. Ya samo wata manhaja wurin Faisal mai bin hardi lungu-lungu tana tsinto duk abin da ya yi kama da hoto. Wannan karon sai da ya duba suna ya sake dubawa, ya sa ni ma na duba. Ya zuba a SSD da tsarin da ya ci gwaji. Kuma wallahi gwajinsa bai yi ƙarya ba, abin yana karɓa ba gargada, ko tari bai yi ba. Tsohon hardin ne ya yi ta ƙyas yana ja, yana ja, kafin ya kai rabi ya yi wani dogon kuka ya yi shiru. Bai sake tashi ba.

Muka zauna muna buɗe abin da aka tsinto. Ba suna, ba shekara, an zuba su kamar tsakuwa. Bidiyo ko ɗaya bai buɗe ba. Hotuna kuwa ga su nan, bukukuwan mutane. Ga mai gidan burodin layinmu yana rawa da sanda. Ga 'yan matan gidan da ke kallon namu sun sha lalle. Kowa ya fito, har waɗanda ba na shiri da su, kowa da fuskarsa cikakkiya tana sheƙi. Wasu hotunan kuma sun fara daga sama lafiya, sai a tsakiya su koma toka, fili kawai mai launin toka har ƙasa.

Na bikinmu ɗaya ne ya fito. Na gane shi da labulen da aka rataya a bayanmu, ɗinkin mahaifiyarmu ne. Ga ƙananan fitilu masu launi a sama. Ga farin rawaninsa, ya ɗan karkace hagu yadda yake naɗa shi. Daga nan toka ta fara, daidai inda goshi zai fito. Ni da yake ya fi ni tsawo ko mayafina bai fito ba. Na sa Yasir ya rufe ya sake buɗewa, ya sake, ya sake. Toka tana nan inda take.

Da safe Hajja ta ɗaure ƙullinta. Hadari ya haɗu ta gabas, tana so ta kama mota kafin hanyar unguwa ta zama taɓo. Atine tana gidan maƙwabta. Ta tsaya a bakin bukka da sandarta ta ce, "Yaron bai samu mutanen ba ko?"

Yasir ya buɗe baki, na riga shi. Ban san abin da ya tura ni ba. Na ce, "An samu, Inna. Shigo."

Na zaunar da ita, na juyo mata allon. Ta matso da fuskarta har hancinta ya kusa taɓa gilashin. Ta rufe ido ɗaya, ta buɗe, ta goge su da gefen mayafi. Ta daɗe a haka. Yasir ya fita ya bar mana bukkar.

"Kai, idon nan ya gama aiki," ta ce. "Rawanin kawai nake gani, sauran duk hazo. Na makara." Ta ɗora yatsa a kan tokar, ƙasa da rawanin kaɗan. "Ke kina ganinsa?"

"Ina ganinsa, Inna."

"Ya yi kyau?"

"Ya yi kyau."

Ba ta ɗauke yatsan ba. Sannan da wata ƙaramar murya da ban san ta da ita ba ta ce, "Yana dariya?"

Na rufe ido na neme shi. Na nemo ranar, na ji kiɗan, na ji ƙanshin turaren wuta, na ji kafaɗarsa a jikin tawa. Na ɗaga kai a cikin zuciyata in dube shi, ban samu komai ba.

"Yana dariya," na ce.

Ta gyaɗa kai, ta janye hannunta, ta lalubo sandarta. "To alhamdulillahi. Ki adana wa yarinyar nan, ta tashi ta san fuskar ubanta."

Na ce mata to. Na ɗauki ƙullinta na raka ta bakin titi, na tsaya har rakshar ta sha kwana. Har yau ban san ko ya yi dariya a ranar ba.